Sandar furotin: me ke cikin ledar, kuma kalori nawa kake haɗiyewa?

Sandar furotin ɗin nan da ta cika kantuna da wuraren motsa jiki, wadda ake naɗewa a leda mai ƙyalli an rubuta furotin giram 20 da manyan baƙi a gaba, mutane iri biyu ne suka fi magana a kanta kuma ni dai duk su biyun ban yarda da su ba. Akwai masu ɗaukarta kamar magani, wai in dai ita ka ci to lafiyayyen abu ka ci ko da uku ka cinye a rana, akwai kuma masu cewa ai alewa ce kawai aka canza mata suna. Gaskiya sunan bai gaya maka komai ba. Za ka iya ɗauko guda biyu a layi ɗaya cikin kanti, girmansu kusan ɗaya, wannan kalori 190 da furotin giram 20, waccan kalori 300 da furotin giram 10 da sukarin da ya kai ƙaramin cokali shida, amma duk sunansu ɗaya. Abin da ya raba su yana bayan leda, a ɗan teburin nan mai ƙananan rubutu da yawancinmu ba ma juyawa mu duba.

Asalin abin ma ba don mai zaman ofis aka yi shi ba. A 1986 ne Brian Maxwell, wani ɗan gudun fanfalaki ɗan Kanada, ya fara yin PowerBar a Kalifoniya, kuma buƙatarsa ita ce abin da mai gudu zai ci ya samu ƙarfi nan take ba tare da ya yi masa nauyi a ciki ba, wato sitaci da sukari ne kan gaba, furotin yana baya. Clif Bar ta zo a 1992 da irin wannan tunanin. Sai daga baya, musamman bayan fitowar sandar Quest a 2010, aka koma yayin furotin da yawa sukari kaɗan. Kuɗi kuwa sun shiga sosai, Kellogg ya sayi RXBAR a 2017 kan dala miliyan 600, Mondelez mai Oreo da Cadbury ya sayi Clif a 2022 kan dala biliyan 2.9, Mars mai Snickers kuma ya mallaki KIND a 2020. Wannan ba laifi ba ne, amma yana nuna maka cewa kasuwar ta bar hannun 'yan wasa ta koma hannun kowa da kowa, kuma abincin da aka tsara don wanda zai yi awa uku yana tuƙa keke yanzu wanda zai yi awa takwas a kan kujera ne ya fi sayensa.

Toh mu zo kan lissafin kalori, don a nan ne komai yake. Tsarin da ake amfani da shi har yau na Wilbur Atwater ne, wani masanin sinadarai na Amurka tun ƙarshen ƙarni na 19: giram ɗaya na furotin kalori 4, giram ɗaya na sitaci ko sukari kalori 4, giram ɗaya na mai kalori 9. A dokar Tarayyar Turai faiba ana ba ta kalori 2, su maltitol da sobitol, wato masu zaƙin da ake sawa a madadin sukari, kuma 2.4. In ka ga an rubuta kilojul kada ya rikita ka, kalori ɗaya kilojul 4.184 ne, raba da huɗu da ɗan wani abu shikenan.

Ɗauki sanda mai giram 60 ka juya bayanta. A ce furotin giram 20, kalori 80 kenan. Mai giram 8, kalori 72, ka ga ɗan man nan da bai kai rabin nauyin furotin ba ya kusa kamo shi a kalori. Sitaci da sukari giram 6, kalori 24. Faiba giram 10, kalori 20. Maltitol giram 8, kalori 19. Jimla 215, kuma 80 ne kawai daga ciki suka fito daga furotin, kashi 37 cikin ɗari kenan, kuma wannan fa tana cikin masu kyau. Yanzu ɗauki wata mai giram 68 da aka yi da alkamar ot da sirof: furotin giram 10, mai giram 6, sitaci da sukari giram 40, faiba giram 4, za ka samu wajen kalori 260 kuma furotin bai wuce kashi 15 ba. Snickers mai giram hamsin da ɗoriya kalorinta wajen 250 ne da furotin giram 4. Kenan ta fuskar kalori zalla wannan ta biyun da cakulan duk jirgi ɗaya ya kwaso su, bambancin giram shida ne na furotin da ɗan faiba.

Turai sun sa iyaka a dokarsu ta 2006 kan iƙirarin da ake yi a jikin abinci, sai furotin ya ba da kashi 12 na kalorin abu kafin a ce yana ɗauke da furotin, sai ya kai kashi 20 kafin a ce yana da furotin mai yawa. Ni a ganina kashi 20 ɗin ma ya yi sauƙi. Ma'aunin da na fi yarda da shi shi ne ka duba furotin giram nawa kake samu a kowace kalori 100. In ya kai 9 ko 10 to ta cika sunanta, 7 zuwa 8 ba laifi, in bai kai 5 ba to abin ƙwalama ka saya, ka ci shi a matsayin hakan kada ka lissafa shi cikin abincin gina jiki. Sannan ka tabbata lambobin da kake karantawa na sandar gaba ɗaya ne, don wasu manyan ana lissafa su a matsayin ci biyu sai a rubuta na rabi, wasu ƙasashen kuma na giram 100 suke rubutawa a layin farko.

Lambar kanta ba daidai take ɗari bisa ɗari ba. A Amurka hukumar kula da abinci da magunguna ta FDA tana ƙyale kalorin gaske ya ɗara na jikin leda har da kashi 20, wato mai 200 tana iya zama 240 kuma ba a karya doka ba. Wani lokacin kuma kuskuren a wajenka yake faɗawa, wani binciken ma'aikatar noma ta Amurka a 2012 ya nuna cewa kalorin da jiki ke samu daga almon guda-guda bai kai abin da lissafin Atwater ke bayarwa ba, saboda wani ɓangare na man yana kulle cikin ƙwayar ya fita ba a narkar da shi ba. Amma in an niƙa shi ya zama lukui kamar yadda ake yi a sanduna da yawa wannan rangwamen yana raguwa. Haka kuma jiki yana ƙona kashi 20 zuwa 30 na kalorin furotin wajen narkar da shi, sitaci kashi 5 zuwa 10, mai kuwa bai wuce 3 ba. Gaskiya ne wannan, sai dai a giram 20 abin da ka tsira da shi bai wuce kalori 16 zuwa 24 ba, kada wani ya sayar maka da shi a matsayin sirrin rage ƙiba.

Inda na fi so mutane su tsaya su fahimta shi ne giram 20 ɗin nan ba duka ne iri ɗaya ba. A ɗakin gwaji ba furotin ake aunawa kai tsaye ba, sinadarin naitirojin ake aunawa sai a ninka da 6.25, hanyar da ta samo asali daga aikin Johan Kjeldahl a 1883. Ma'ana duk abin da ke da naitirojin zai iya ɗaga lambar. Wannan ƙofar ce aka bi a China a 2008 aka zuba melamin, wani sinadarin masana'anta mai yawan naitirojin, a madarar jarirai, yara wajen 300,000 suka kamu, shida suka rasu. Ba ina cewa akwai melamin a sandarka ba, a'a, ina nuna maka raunin ma'aunin ne. A kasuwar kayan motsa jiki an sha kama masu ƙara amino asid, wato tubalan da ake haɗa furotin da su, masu arha irin su gilaisin da torin don lambar ta hau, alhali ba su gina tsoka yadda cikakken furotin ke yi.

Furotin haɗin amino asid 20 ne, tara daga ciki jiki ba ya iya ƙera su dole sai an ci. Wei, wato furotin ɗin da ake tacewa daga ruwan da ke tsatsowa in ana yin cuku, da kesin na madara, da farin ƙwai, da tataccen waken soya, duk suna da taran nan a cike kuma jiki yana narkar da su sosai. Wei ya fi shahara ne saboda yawan lusin da ke cikinsa, wajen kashi 10 ko ɗan fiye, kuma lusin shi ne ke tayar da aikin gina tsoka. Na tsirrai kowanne da giɓinsa, na wake irin fis yana da ƙarancin metiyonin, na shinkafa yana da ƙarancin laisin, shi ya sa kamfanin da ya san aikinsa yake haɗa su biyun su cike wa juna. Sai kuma kolajin da jelatin, waɗanda ake samu daga fata da ƙashin shanu ko alade ko kifi. Masu haɗa sanda suna son su saboda suna sa ta yi laushi kuma ba ta saurin ƙandarewa, amma kolajin ba shi da tiriftofan kwata-kwata, a ma'aunin ingancin furotin na PDCAAS sifili yake ci yayin da wei da ƙwai ke cin ɗaya cif. Don haka sanda mai giram 20 da kolajin ya zo na biyu a jerin kayan haɗinta ba daidai take da mai giram 20 na madara zalla ba. Jerin kayan haɗi ana rubuta shi ne daga mafi nauyi zuwa mafi ƙanƙanta, ukun farko kawai in ka karanta ka san rabin labarin. In ledar ta Amurka ce akwai wata dabara kuma, kason da ake rubutawa a gefen furotin ana gyara shi ne da ingancinsa a kan giram 50 na rana, to giram 20 mai kyau zai nuna kashi 40, in ka ga ƙasa da haka sosai ka san akwai mai rauni a ciki.

Maganar zaƙi kuwa, tataccen furotin shi kaɗai ba ya ciyuwa, garau-garau yake kamar alli ga ɗan ɗaci-ɗaci, dole sai an samo abin da zai ɗaure shi ya kuma ɓoye ɗanɗanonsa, kuma hanya biyu ce. Ta farko sukari, ko da an kira shi sirof ɗin shinkafa ko sirof ɗin gulukos ko zuma ko tataccen ruwan 'ya'yan itace. Hukumar Lafiya ta Duniya a jagorarta ta 2015 ta haɗa su duka a layi ɗaya ta ce kada su wuce kashi 10 na kalorin rana, in da hali ma kashi 5, wato giram 50 ko 25 ga mai cin kalori 2,000. Ƙaramin cokali na sukari giram 4 ne, sanda mai giram 20 na sukari cokali biyar kenan, ta kusa cinye ƙaramar iyakar ita kaɗai. Sandunan da ake yi da dabino sun ɗan fi, don yana zuwa da faibarsa da fotasiyom, amma kalorinsa na nan daram kuma mai ciwon sukari dole ya lissafa shi.

Hanya ta biyu ita ce wadda ke ba da damar rubuta sukari giram 1 a gaban leda, wato su maltitol, sobitol, eritiritol, da giliserin wanda ke riƙe danshi. Ƙaramin hanji ba ya tsotse irin su maltitol da sobitol gaba ɗaya, sai ragowar ta gangara babban hanji tana jawo ruwa, ƙwayoyin bakteriya kuma su hau kanta suna fitar da iska, daga nan ne kumburin ciki da ƙugi da zawo ke zuwa, kuma mutane da yawa sai su ɗora laifin a kan furotin alhali ba shi ba ne. Har doka ce a Turai in waɗannan sun wuce kashi 10 na abinci sai an rubuta gargaɗin cewa cinsa da yawa na iya sa gudawa. Maltitol kuma yana ɗaga sukarin jini, bai kai sukari ba amma yana ɗagawa, wannan ya kamata duk mai ciwon sukari ya sani kafin ya yarda da rubutun gaban leda. Eritiritol ya fi sauƙi a ciki kuma kusan ba shi da kalori, sai dai a 2023 wata tawaga a Cleveland Clinic ta fitar da bincike a mujallar Nature Medicine da ya danganta yawansa a jini da haɗarin gudan jini da ciwon zuciya. Dangantawa ce, ba a gama tabbatar da cewa shi ne sanadi ba, amma in da ni ke da matsalar zuciya ba zan mai da shi abin ci kullum ba.

Faibar ma sai an duba. Giram 12 ko 14 da kake gani yawanci ba daga hatsi ko 'ya'yan itace ta fito ba, tatacciya ce aka zuba, kamar inulin daga saiwar cikori ko faibar masara. Tana da amfaninta, tana ciyar da bakteriyar hanji masu kyau, amma inulin ya yi suna wajen kumbura ciki in an ci da yawa lokaci ɗaya. Akwai kuma wani sirof da ake kira IMO wanda aka daɗe ana rubuta shi a layin faiba, daga baya gwaji ya nuna jiki yana narkar da babban ɓangarensa ya zama gulukos, kuma a 2020 FDA ta ƙi amincewa da shi a matsayin faiba.

Mai kuma ya danganta da inda ya fito. Na gyaɗa da almon yawancinsa mai kyau ne ga zuciya. Amma rufin nan mai kama da cakulan da ba ya saurin narkewa a hannu sau da yawa da man ƙwarar kwakwar manja ake yinsa, wanda wajen kashi 80 nasa daskararren kitse ne. Hukumar Safefood ta Ayalan ta duba sandunan da ke kasuwarsu a 2019 ta samu fiye da kashi uku cikin huɗu suna da daskararren kitse mai yawa. Iyakar rana ga mai cin kalori 2,000 wajen giram 22 ce, sanda mai giram 6 ta ɗauke fiye da kwata.

To wai ma kana buƙatarta? Babban mutum mai lafiya abin da aka ƙayyade masa shi ne giram 0.8 a kowane kilo na nauyinsa, mai kilo 70 giram 56 kenan a rana. Tsofaffi masana da yawa suna ba su shawarar 1.0 zuwa 1.2 don tsokarsu na zaizayewa. Masu atisaye sosai 1.2 zuwa 2.0, kuma wani babban nazari da ya tattara bincike 49 aka buga a 2018 ya nuna cewa ribar tsoka tana tsayawa a wajen 1.6, giram 112 ga mai kilo 70, abin da ya wuce nan ba ya ƙara wani abin kirki. Ƙwai uku suna ba ka wajen giram 18 zuwa 19 a kalori ɗari biyu da 'yan kai, dafaffen ƙirjin kaza giram 100 yana ba da giram 31 a kalori 165. Ka ga kenan ko sanda mafi kyau ba ta doke abinci ba, abin da ta fi shi da shi ɗaya ne, tana zama a jaka wata da watanni ba firij ba wuta ba wanke-wanke. Wannan kuma ba ƙaramin abu ba ne ga ma'aikacin jinya mai aikin dare ko direban doguwar tafiya ko ɗalibin da zai fita daga aji ya wuce filin wasa, kuma zancen cewa dole ka ci furotin cikin minti 30 bayan atisaye ko aikinka ya lalace an gano an zuzuta shi, jimlar abin da ka ci a yini ita ce ta fi muhimmanci.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake cinta ƙari a kan abinci maimakon madadin wani abu. Mutum ya yi rabin awa yana ɗaga ƙarfe, wanda sau da yawa ba ya ƙona fiye da kalori 200, ya fito ya ci sanda mai 250, ya koma gida ya ci abincinsa cif yadda ya saba, bayan wata uku yana mamakin me ya sa sikeli ke hawa. Gudu yana cin wajen kalori ɗaya a kowane kilo na nauyi a kowace kilomita, mai kilo 70 sai ya yi kilomita uku da rabi kafin ya ƙone wannan sandar da ya gama da ita a loma biyar. In ta maye gurbin biskit da lemon kwalba da ka saba sha da yamma, ka ci riba, furotin yana riƙe ciki fiye da sukari. In kuwa ta hau kan abin da kake ci ne to kalori ne kawai ka ƙara, jiki ba ya karanta gaban leda.

Akwai kuma batun cewa yawancinsu suna cikin rukunin abincin da aka sarrafa matuƙa a tsarin NOVA na Carlos Monteiro na jami'ar Sao Paulo. A gwajin Kevin Hall na 2019 a cibiyar binciken lafiya ta NIH ta Amurka, mutum 20 da aka ba irin wannan abincin sun riƙa cin wajen kalori 500 fiye a rana kuma suka ƙara kusan kilo ɗaya cikin mako biyu. Ba sandar furotin aka gwada ba, tsarin cin abinci gaba ɗaya ne, don haka ba adalci ba ne a ɗora mata sakamakon kai tsaye, amma ɗaya daga abin da aka lura da shi ya shafe ta, abu mai laushi mai tarin kalori a ɗan ƙaramin jiki ana cinye shi da sauri kafin ciki ya aika saƙon ƙoshi. Shi ya sa mai da ita abincin rana kullum bai yi ba, kalori 200 ba ta kai abinci ba, ba ruwa a cikinta ba girman da zai cika ciki, kuma bitamin ɗin da aka barbaɗa mata ba ya maye gurbin ganye da 'ya'yan itace.

Mai ciwon ƙoda kada ya fara sai ya yi magana da likitansa, don shi sau da yawa rage furotin ake ce masa ya yi, ga kuma fosfet da ake ƙarawa a wasu. Mai lafiyayyar ƙoda kuwa bincike bai nuna cewa wannan adadin yana cutar da shi ba. Masu hanji mai saurin tashi su guji masu maltitol da inulin, masu borin jini da gyaɗa ko madara ko soya su karanta gargaɗin ƙasan jerin kayan haɗi, yara ƙanana kuma buƙatarsu ta furotin ba ta da yawa, abincin gida yana cika ta ba sai an ba su wannan ba. A ɗaya gefen kuma akwai mutanen da sanda mai tarin kalorin nan da nake ta gargaɗi a kanta ita ce daidai da su, mai hawan dutse na yini guda, ko wanda ya tashi daga doguwar jinya ya rame kuma ba ya iya cin abinci da yawa a zama ɗaya, ko tsohon da cin abinci ya zame masa aiki. Irin waɗannan kalori da yawa a ɗan ƙaramin abu suke nema, sai dai a zaɓa musu mai laushin tauna wadda furotin ɗinta na madara ne ko ƙwai ko soya, a ba su tsakanin abinci da abinci da ruwa a kusa, ba dab da lokacin cin abinci ba don kada ta toshe musu ɗan cikin da ya rage.